'Yata Na Son Zama Kamar Ons Jabeur: In Sayar da Fulotin Gadona?

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar firamare ce, ina da 'ya'ya huɗu. Ta biyunsu shekarunta 15, tana aji huɗu na sakandare. Tun tana 'yar shekara takwas take bin ƙanina filin tanis, wasa-wasa har abin ya shiga jininta. Bara ta ci kofin 'yan ƙasa da shekara 16 na jiharmu, bana kuma ta kai wasan kusa da na ƙarshe a wata gasa ta ƙasa. Kocinta ya ce boko ne ke cinye mata lokaci, in har muna so ta zama ƙwararriya sai ta ajiye makaranta. Ya haɗa ni da wani mutum da ya ce zai samo mata gurbi a wata makarantar horon tanis a Sifen, amma sai an biya kuɗin shekara guda kafin a fara takardu, kuma kuɗin sun kusa kai farashin fulotin da na gada daga mahaifina. Maigidana ya ce sam bai yarda ba. Ya ce kayan wasan ba na 'yar Musulmi ba ne, ga danginsa sun fara surutu, don haka ta ajiye raket ta fuskanci karatu. Yarinyar ba ta da zance sai na Ons Jabeur, shahararriyar 'yar tanis ɗin nan ta Tunisiya. Yanzu ta rage cin abinci, tsakaninta da babanta sai gaisuwa. Zuciyata na raya min in sayar da fulotin ba da saninsa ba. Ina tsoron kashe mata baiwa, ina kuma tsoron kashe aurena. Ki ba ni shawara.

Wata uwa

Wa alaikumus salam 'yar'uwata. Na karanta wasiƙarki, na kuma ga yadda aka sa ki a tsakiya: can 'ya tana kuka, can miji ya kafe, ga koci yana cewa lokaci na ƙurewa. Duk uwar da ta ga ɗanta ya iya wani abu fiye da sa'o'insa ta san wannan zullumin, na kada a wayi gari a ce ita ce ta tare masa hanya. Don haka ban ga laifinki ba da tunanin fulotin ya zo miki. Amma bari in faɗa miki matsayata tun da wuri don hankalinki ya kwanta: kada ki sayar da fulotin nan, kada ki ba mutumin Sifen ko kwabo, kuma kada a cire yarinyar daga makaranta. Haka nan ban goyi bayan a ƙwace mata raket ba. An nuna miki kamar hanyoyi biyu ne kacal, ko boko ko tanis, alhali ba haka abin yake ba.

Tunda Ons Jabeur ce tauraruwar 'yarki, mu fara da ita, don labarinta ya fi duk wata nasiha da zan yi. An haife ta a 1994 a garin Ksar Hellal na Tunisiya, ta girma a Sousse da ke bakin teku. Mahaifiyarta ce ta fara kai ta filin tanis tana 'yar shekara uku, kuma kocinta na yarinta, Nabil Mlika, a filayen otal-otal yake horar da ita, saboda kulob ɗinsu ba shi da filin kansa. Tana shekara 12 ta bar gida ta koma Tunis, babban birnin ƙasar, ta shiga makarantar sakandare ta 'yan wasa da ke El Menzah. Ki lura da wannan: makaranta ta shiga, inda ake haɗa aji da fili. A 2010, tana shekara 15, daidai shekarun 'yarki yau, ta kai wasan ƙarshe na gasar matasa ta French Open a Faris, Elina Svitolina ta doke ta. Shekara ta zagayo, a 2011 ta koma ta ɗauki kofin.

To ga ɓangaren da yara ba sa gani a bidiyon da suke kallo a waya. Yarinyar da ta ci ɗaya daga manyan kofunan matasa na duniya tana shekara 16 ba ta shiga jerin mata ɗari na farko a duniya ba sai a 2017. Shekara shida ke nan tana yawo daga wannan ƙaramar gasa zuwa waccan, ana cinye ta, tana komawa masauki, gobe ta sake ɗaukar jaka. A wannan shekara ta 2017 ma sai da asusun da manyan gasannin tanis huɗu suka kafa don tallafa wa 'yan wasa masu tasowa ya ba ta tallafi. Kofinta na farko a babban rukunin WTA, wato hukumar tanis ta ƙwararrun mata, sai a 2021 ta ɗauka a Birmingham, tana shekara 26. Daga nan ne duniya ta san ta: ta ci gasar Madrid a 2022, ta kai matsayi na biyu a duniya, ta buga wasan ƙarshe na Wimbledon a 2022 da 2023, da na US Open a 2022, duka ukun ba ta yi nasara ba. A 2025 kuma, bayan raunuka sun yi ta damunta, da bakinta ta sanar cewa za ta dakata da wasa don ta huta. Wannan ita ce macen da ta fi kowace 'yar Afirka ta zamaninta nisa a tanis, kuma duk da baiwarta, sai da ta samu makarantar gwamnati, da tallafin asusu, da iyaye biyu da suka tsaya mata, daga baya ga mijinta Karim Kamoun, tsohon ɗan wasan takobi, wanda ya zama mai kula da motsa jikinta. Kuɗin fuloti ɗaya ba zai iya ɗaukar nauyin irin wannan doguwar tafiya ba.

Bari in buɗe miki lissafin, don a nan ne iyaye da yawa suke faɗawa rami. Tanis ba kamar ƙwallon ƙafa ba ne, inda kulob ke sayen ɗan wasa ya riƙa biyansa albashi ko ya buga ko bai buga ba. Ɗan tanis shi ne kamfanin kansa. Shi zai biya jirgi, da masauki, da abinci, da ɗaurin igiyar raket, da albashin koci, da likita in ya ji ciwo. In an cire shi a zagayen farko, ya ci bashi ke nan. A gasannin matasa na hukumar tanis ta duniya, ITF, babu kyautar kuɗi ko kaɗan, maki kawai ake tarawa. A matakin farko na ƙwararru kuma akwai gasannin da gaba ɗaya kuɗin da ake raba wa kowa da kowa dala 15,000 ne, wadda ta ci kofin ba ta wuce dala dubu biyu da 'yan kai ba, kafin a cire haraji da kuɗin tafiya. Ita kanta ITF ta yi nazarin shekarar 2013, ta gano cewa cikin 'yan wasa kusan 14,000 da suka buga gasannin ƙwararru, sama da dubu shida ba su samu ko dala ɗaya ba. A lissafinta, sai mace ta kai wajen matsayi na 253 a duniya kafin abin da take samu ya rufe abin da take kashewa, shi ma ba a sa kuɗin koci a ciki ba. Gaskiya ne a can sama akwai dukiya, a Wimbledon ta 2024 wadda aka cire a zagayen farko ma ta tafi da fam 60,000. Sai dai mata 128 ne kacal ke shiga wannan jadawalin daga duk faɗin duniya.

Yanzu ki ɗauka mutumin Sifen mai gaskiya ne, an biya shekara guda, yarinya ta tafi. Shekara ta biyu fa, me za a sayar? Irin wannan horo ba a ganin amfaninsa a wata goma sha biyu. Abin da zai faru shi ne ta dawo tana shekara 16, ba fuloti, ba takardar sakandare, ga nauyin cewa an sayar da gadon kakanta dominta bai kuma haifar da komai ba. Wannan nauyin ya fi ƙarfin yarinya. Kuma ni ban ma yarda mai gaskiya ba ne. Sifen tana da manyan makarantun tanis na gaske, akwai ta Rafael Nadal a Mallorca da ta Juan Carlos Ferrero inda Carlos Alcaraz ya samu horo, kuma irin waɗannan suna da shafinsu na intanet da adireshin da kowa zai iya rubuta musu kai tsaye. Suna kuma haɗa horo da karatun boko. Duk wanda ya ce sai kin zuba kuɗi a asusunsa kafin ki ga takarda ɗaya daga makarantar, ki yi masa tambaya uku: sunan makarantar, sunan jami'in da yake hulɗa da shi a can, da lambar iyayen wani yaro da ya taɓa kaiwa. Sannan ki sa ƙaninki ya rubuta wa makarantar da kansa ya tambaya ko sun san shi. In ya fara fushi ko ya ce gurbin zai wuce in ba a biya a makon nan ba, kin samu amsarki.

Shi kuwa koci, kada mu yi saurin yanke masa hukunci. Mai yiwuwa tsakani da Allah yake ganin baiwar yarinyar, kuma koci da ya shekara yana horar da yara a fili mai tsagewa, da ƙwallayen da suka suɗe, in ya samu ɗaya mai haske, zumuɗi yakan kwashe shi. Amma zumuɗinsa ba shi ne zai biya bashi ba. Ki tambaye shi cikin girmamawa ko yana da wani kaso a kuɗin da za a biya. Ki kuma gane cewa maganar a bar makaranta ba ta da tushe ko a dokar wasan. Tun 1995 hukumar WTA ta taƙaita yawan gasannin ƙwararru da yarinya 'yar ƙasa da shekara 18 za ta iya bugawa a shekara, bayan abin da ya faru da irin su Jennifer Capriati, wadda ta zama ƙwararriya tana shekara 13 kuma abin ya nemi ya rusa mata rayuwa. Wato ko 'yarki ta bar aji gobe, masu wasan da kansu ba za su bar ta ta buga yadda take so ba.

Akwai wata magana mai ɗaci da ya kamata ki ji daga wurina, ba daga bakin duniya ba. Cin kofin jiha da kai wa kusa da ƙarshe a gasar ƙasa abin alfahari ne, amma bai gaya mana inda take a tsakanin sa'o'inta na duniya ba. Har yanzu ba a auna ta ba. Kuma awon ba shi da tsada kamar Sifen. ITF tana shirya gasannin matasa na 'yan shekara 13 zuwa 18, mafi ƙanƙantarsu ake kira J30, ana kuma yin su a nan Afirka ta Yamma, har da Najeriya da Ghana da Togo. Ku nemi jadawalin ta hannun hukumar tanis ta ƙasa ko shafin ITF, ku zaɓi waɗanda suka faɗo lokacin hutu kuma mota za ta iya kai ku. Nan cikin gida ma akwai gasanni masu tarihi irin su Dala Hard Court ta Kano, inda za ta ga yadda manya ke bugawa. In ta buga irin waɗannan na shekara ɗaya zuwa biyu tana cin 'yan wasu ƙasashe, sunanta zai fito a jerin duniya, kuma a lokacin masu tallafi ne za su fara tambayar ta. Hukumar tanis ta Afirka da ITF suna ɗaukar yaran da suka yi fice a gasannin nahiya su horar da su, ba tare da uwa ta sayar da gado ba. In kuma ana cire ta a zagayen farko sau da dama, to kun san gaskiya da kuɗin mota da masauki kawai.

Hanyar da na fi so ki sa wa ido ita ce ta jami'a, saboda ita ce ke mayar da raket ya zama kuɗin makaranta. Jami'o'in Amurka suna ba 'yan tanis gurbin karatu kyauta, kuma shekara da shekaru rabon mata ya fi na maza yawa a wannan wasa. Mayar Sherif ta Masar ta bi nan, ta yi karatu a jami'ar Pepperdine, sannan ta fito ta zama 'yar Masar ta farko da ta ci kofin WTA, a Parma a 2022. Angella Okutoyi ta Kenya, wadda kakarta ta raina cikin rashi, ta ci kofin 'yan bibbiyu na matasa a Wimbledon a 2022, ta tafi jami'ar Auburn, ta kuma ci zinare a wasannin Afirka da aka yi a Accra a 2024. Namu na gida ma, Nduka Odizor, wanda ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon a 1983, ta jami'ar Houston ya bi. Duk waɗannan ƙofofin ba sa buɗuwa sai da sakamakon sakandare mai kyau da Turanci mai ƙarfi. Wanda ya ce ta bar boko, ƙofar da ta fi kusa da ita yake rufewa. Ba zan ɓoye miki ba, bizar Amurka ta yi wa 'yan Najeriya wuya, dokokinta kuma suna canzawa, don haka kada a ɗora komai a kanta. Amma yarinya mai WAEC a hannu da raket a kafaɗa tana da inda za ta dosa ko a gida: jami'o'inmu suna da gasar NUGA, akwai takardar shaidar koci, akwai alƙalancin wasa, akwai karatun kula da lafiyar 'yan wasa. Ki duba garinku ki ƙirga mata nawa ne ke koyar da tanis. Iyaye nawa ne za su saki 'ya'yansu mata su koya da a ce kocin mace ce?

Sai maganar maigida. A wasiƙarki ya fito kamar shi ne katangar, amma in kin cire zafin maganarsa, abu biyu cikin uku da yake tsoro gaskiya ne. Yana tsoron karatu ya lalace, kuma ga koci yana cewa a bar makaranta. Yana tsoron mutuncin 'yarsa, kuma ga wani baƙo yana so a tura 'yar shekara 15 wata ƙasa ita kaɗai. Uban da bai ji tsoro a nan ba shi ne abin tuhuma. Inda nake ganin ya yi tsauri shi ne hana wasan ɗungurungum. Batun sutura yana da mafita fiye da yadda yake zato: ba dole ba ne a buga tanis da ɗan guntun siket, tun 2019 WTA ta bayyana a dokarta cewa mace na iya buga gasa da dogon wandon wasanni, kuma babu abin da zai hana 'yarki ta sa riga mai dogon hannu wadda ta sauko, da ɗankwali ko hijabin wasanni da ake sayarwa yanzu. Ku ɗinka mata kayan, ta sa ya gani da idonsa. In akwai malamin da yake girmamawa, ku je tare ku tambaya, ku bayyana masa ainihin yadda za ta yi shiga da wanda zai raka ta. Sharaɗin rakiya kuwa ni ma ina bayansa: ko ke, ko ƙaninki, ko shi da kansa, amma ba ita da koci su biyu ba, ko wane ne kocin. Surutun dangi kuma yakan yi sanyi da zarar sun ga uban yarinya ne da kansa ya tsara abin.

Fulotin naki ne, gadonki ne, shari'a ta ba ki iko da dukiyarki. Amma sayar da shi a ɓoye don a fitar da 'yarsa daga ƙasa ba maganar dukiya ba ce kuma, maganar amana ce, kuma ba abin da zai ɓoyu. Ko takardun tafiyar yarinya ƙarama ma za a nemi amincewar uba. Ranar da ya gano, tanis ɗin ne zai fara mutuwa a gidan, aure ya biyo baya da rauni, yarinyar kuma ta tashi da tunanin ita ta haddasa. Ga sauran 'ya'ya uku da su ma suke da haƙƙi a kan abin da kika mallaka. Saboda haka ki samu lokacin da ransa yake a sake, ki fara da abin da zai faranta masa: ki ce kin yi tunani, kin yarda da shi ba za a bar makaranta ba, ba za a je Sifen ba. Ki faɗa masa maganar fulotin da bakinki, cewa tunanin ya zo miki kin kuma watsar. Daga nan ki roƙi abu ɗaya, a bar ta ta ci gaba da horo bayan an tashi daga makaranta da ƙarshen mako, da 'yan gasanni a lokacin hutu, har ta gama sakandare. Ku yanka adadin kuɗin da za ku iya kashewa a shekara ba tare da an taɓa abinci ko kuɗin makarantar kowa ba. Ku sa sharaɗin cewa in sakamakon jarrabawa ya faɗi, gasar hutun nan ta faɗi. Ki kuma lallaɓe shi ya je ya kalle ta tana wasa ko sau ɗaya, don na lura ba ki ce ya taɓa zuwa ba.

Ita kuma yarinyar, ki zauna da ita ku biyu kafin a yi zaman gaba ɗaya. Kada ki ce mata mafarkinta shirme ne, kada kuma ki yi mata alƙawarin Wimbledon. Ki ba ta labarin Ons ɗin nan cikakke, da shekarun da ta yi ba a san ta ba, ki ce ta je ta bincika da kanta ta gani. Ki nuna mata cewa an ba ta shekara biyu da rabi ta nuna abin da za ta iya, a fili da kuma a aji, kuma gaba da babanta ba zai ƙara mata maki ko ɗaya ba, ta je ta ba shi haƙuri. Wanda yake son zama ɗan wasa na gaske yana tashi da asuba ya yi gudu ko ba koci, yana rubuta sakamakon kowane wasa, yana sa a ɗauki bidiyon wasanninsa a ajiye, don su ne jami'o'i da masu tallafi ke nema. Ki zuba ido ki ga ko za ta riƙe wannan na wata shida ba tare da an tuna mata ba. Zai nuna miki ko tanis take so ko shahara.

Maganar cin abincin nan kuwa kada ki ɗauke ta shagwaɓa. Yarinya mai tasowa da ke gudu a rana tana kuma ƙin abinci tana iya jawo wa kanta ƙarancin jini da raunin ƙashi. Ina sa ran da zarar ta ji ba za a ƙwace raket ba za ta koma cin abincinta. In mako biyu suka wuce bayan kun yi maganar ba ta koma ba, ko kika ga tana ramewa, ko barci ya gagare ta, ko al'adarta ta rikice, ki kai ta asibiti ta ga likita, kada ki jira a gama sasantawa da babanta. Allah ya shirya miki su, ya daidaita tsakaninku.